Kujerun Baya a Zauren Giza

Na daɗe ina juya wannan magana kafin in ɗauki biro. Ni da na tsaya a aji shida, me zan ce game da digiri na biyu? Amma abin ya ƙi barina in huta.

'Yar wana ta zauna wurina a unguwar Hadayek el-Maadi, nan Masar, tana karatu. Da ta gama digirin farko, mahaifinta ya samo mata aikin koyarwa a gida. Ni na hana ta tafiya. Na ce ta ƙara gaba, don na lura yaranmu baƙar fata daga nan suke juyawa. Aikin ya wuce ta. Tun daga ranar, ko ciwon kai ta yi sai in ce ni na jawo. In ta faɗi, da wane ido zan kalli wana?

A Masar, ranar da ɗalibi zai kare littafin bincikensa, a gaban jama'a ake yi. Dangi su cika zaure da furanni da cakulan.

"Gwaggo, mu wa zai zo mana? Kujeru ne za su yi ta kallona."

"Kujera ba ta da ido. Yalla, maza je ki goge mayafinki."

Faɗa kawai na yi. Na bi maƙwabtanmu matan Sudan masu lalle ɗaki ɗaki ina gayyatarsu. Kowace ta ce in sha Allah, irin wadda ba a jingina da ita.

Ranar, a zauren jami'a a Giza, ni kaɗai ce a bayanta, kwalin cakulan yana narkewa a cinyata. Malamai suka zauna. Ɗaya ya fara ɗaga murya, yana bugun tebur, yana nuna shafi. Larabcinsu ya fi ƙarfina. Na miƙe zan ba shi haƙuri. Wata Bamisriya da ke jiran a kira ɗanta ta janyo mayafina.

"Zauna, ya hajja. Haka suke wa kowa. Nawa ɗan ma yanzu za su gasa shi."

Malaman suka fita shawara. Nan ne matan lalle suka shigo suna haki, wai motarsu ta maƙale a hanya. Da malaman suka dawo, kowa ya miƙe, aka karanta hukunci. Ni kafaɗunta kawai nake kallo. Sai na ga sun sauka. Guɗa ta tashi a bayana, ni kuwa ina ta tambaya, "Ta ci? Kun tabbata?"

Yanzu maganar digiri na uku, na dokta, take yi. Na ce ta yi, barcina kuma ya sake gudu.

Roƙona shi ne: wanda ya san wani ɗa ko 'ya tamu da za su zauna gaban malaman nan ba kowa a bayansu, ya gaya wa matan lalle na unguwarmu rana da zaure. Saƙo zai iso ni, mu zo mu zauna a bayansu. A faɗa da wuri, saboda hanya.