Hanyar Ruwan da Badaru Bai Yashe Ba

Lawwali yana ɗinke buhun albasa a kasuwar Wurno aka buga masa waya cewa Badaru ya faɗi a gona, rai ya yi halinsa. Ya zauna a kan buhun, basilla na hannunsa.

Badaru mutumin Kagara ne, manomin rani, amininsa tun suna kiwon awaki. Abu guda ya tsana a duniya: hanyar ruwa ta toshe. Ko a gonar wani ya ga laka ta taru, sai ya naɗe wando ya shiga yasa, yana yi wa mai gonar faɗa. Kowace shekara tare suke yashe tasu. Bai iya riƙe magana ba. Ko mafarki ya yi sai Lawwali ya ji.

Bayan an yi addu'ar uku, Mero, matar mamacin, ta yi wa Lawwali magana ta bayan zana, ta kira shi da sunan 'yarsa.

"Baban Mashkura, tun bara shi ya sani."

"Ya san mi?"

Ta ce likita a Sakkwato ya gaya wa Badaru kitse ya taru a jijiyoyin da ke kai jini zuciyarsa. Sunan abin atiroma. Badaru, da son jin ƙwaƙwaf, sai da ya tambayi asalin kalmar. Likita ya ce Girkanci ce, daga sunan kunu, don abin kamar kunu yake idan ya kwanta. Aka hana shi aikin ƙarfi. Ya dawo gida yana dariya, wai laka ta cika masa hanyar ruwa. Sannan ya sa ta rantse kada Lawwali ya ji.

"Yac ce in kun ji, kuna amshe mai shebur, ku yi aikin mutum biyu."

Da Lawwali ya sani, da ya karɓe, mana! Amfanin amini ke nan. Mutumin da ya shiga laka saboda baƙo ya hana shi shiga saboda shi. Shekara guda suna cin tuwo a akushi ɗaya, ana kallon idonsa ana ɓoye masa.

Ranar ƙarshe da suka yi yasa, Badaru ya tsaya ya dafa ƙirji. Lawwali ya tambaye shi.

"Mi as same ka?"

"Tsuhwa ce, wawa."

"Kawo shebur ɗin in ida."

"Kai? Ka bar min rabin laka? Tahi gida, gobe mu ida tare."