Rafali a Tagar Ƙorafi

Na fara sanin Rafali a shekarar da na bar koyarwa na kama aikin akawu a ofishin ruwa, wato shekarar da aka ja famfo zuwa unguwannin bayan tasha. Ran da na fara zuwa, masinja ya zagaya da ni ofis-ofis, har muka iso wani ɗan lungu a ƙarƙashin matakala. Faɗinsa bai fi tabarma ɗaya ba. Ba komai a ciki sai kujera da kanta da taga mai sandunan ƙarfe da ke kallon farfajiya. Wani dogon mutum na zaune a takure, gwiwoyinsa sun tokare kanta, igiyar usur ta leƙo daga wuyan rigarsa.

"Nan ce tagar ƙorafi," in ji masinja.

Dogon ya dube ni sama da ƙasa. "Sannu da zuwa, Malam. Laifi ka yi aka turo ka gidan nan, ko kai ma tsautsayi ne?"

Aikinsa ba wuyar bayani. Duk wanda famfonsa ya ƙafe, ko aka kawo masa bil ɗin da ya fi ƙarfin gidansa, ko bututu ya fashe a ƙofarsa, wannan taga yake zuwa. Rafali ba shi da mabuɗin tanki, ba shi da sifana, ba shi da ikon rage ko sisi a bil. Nasa kawai ya saurara, ya rubuta a ɗan guntun takarda, ya aika sama. Abin da ake yi da takardun a sama, ni da na zauna a saman na sani, kuma ba zan ɓata tawada a kansa ba.

Ran Asabar kuma shi ke alƙalancin ƙwallon unguwanni a filin bayan makaranta. Daga nan sunan ya bi shi, har matarsa da shi take kiransa in ranta ya ɓaci.

Hanyarmu ɗaya in an tashi. Yakan tura kekensa muna tafiya a ƙasa har mararraba, kuma daga ƙofar ofis yake farawa.

"Malam, ka ga tsohuwar nan ta yau? Bokiti ta dire mini a kanta. Ta ce ba inda za ta je sai na cika shi. Na ce, 'Inna, da me? Da hawaye?' Ta ce ko da me. Tana tafiya wani ya zo da kwalba, ruwan ciki kamar shayi, wai in sha a gabansa in na isa."

"Ka sha?"

"Na kurɓa mana. Irinsa nake sha a gida."

Haka ne kuwa. Famfon gidansa ya fi na kowa ƙishirwa. Matarsa takan ce ita kaɗai ce a layinsu ta auri ofishin ruwa take wanka da moɗa ɗaya. Ran Lahadi maƙwabta kan buga masa ƙofa tun bai wanke ido ba, kowa da takardarsa a hannu. Ran Litinin kuwa labarin fili ne.

"Rabin fili na cewa makaho ne ni, rabi na cewa an saye ni. Don Allah, Malam, dubi keken nan. Wanda aka saya ne zai hau wannan? Ƙanen matata ma, wanda na yi wa kuɗin makaranta, yana bayan raga yana ihu, 'Rafali ɓarawo!' Da yamma ya zo ya ci abinci a gidana, har da neman ƙari."

A makarantar mishan an koya mana cewa mutumin kirki ba ya yawan gunaguni. Na daɗe ina auna Rafali da wannan ma'auni kafin in gane ba nasa ba ne. Wanda aka ɗura wa maganar mutane tun safe, dole ya sami inda zai juye ta, kuma ni ne inda ya samu.

Abu ɗaya yake so a duniya, kuma duk ofis an sani: a mayar da shi sito. Siton na can ƙarshen farfajiya, dogon ɗaki mai sanyi inda ake jibge bututu da mita da buhunan sinadarin tace ruwa. In mun wuce ta gabansa yakan rage tafiya ya leƙa, kamar mai kallon gidan da yake son saya.

"Bututu ba ya magana, Malam," yakan ce. "Ka ajiye shi nan, gobe ka same shi nan, bai zagi uwar kowa ba."

Duk farkon shekara ni nake buga masa takardar neman sauyin wuri, da Turanci mai tsabta, ba gogewa ko ɗaya. Duk shekara amsa ɗaya ce. A ƙa'ida, karɓa-karɓa ake yi da tagar, ba wanda ya kamata ya daɗe a cikinta. Amma waɗanda suka zauna kafin shi duk da rigima suka tashi: wani ya mari mai gida, wani aka yaga masa riga. Tun da aka sa Rafali ba a sake jin ko tari ba. Dabararsa ta fili ce. Yakan bar mutum ya yi ta ihu har numfashinsa ya ƙare, ba ya katse shi, ba ya kare kansa, sannan a hankali ya ce, "Wane layi kake, Baba?" Kuskurensa ke nan, ya iya aikin da ba a son a iya. Manaja uku suka zo suka tafi, kowanne ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Haba, in na ɗauke ka, wa zan sa?"

Wata shekara ya yanke shawarar ɓata aikin da gangan. Ya ce mini daga gobe za a ga rashin mutunci. Da safe wani ƙaton mai wanki ya zo yana dukan kanta, mutane sun cunkushe a bayansa kowa na miƙo hannu. Rafali ya zaro usur ya busa masa a fuska da iya ƙarfinsa. Wuri ya yi tsit. Sai wata mata ta fashe da dariya, saura suka ɗauka, har mai wankin. Kafin ka ce me, sun ja layi ɗaya tsaf. Manaja ya leƙo daga bene ya gani, ya yaba masa a taron ma'aikata, ya ce kowa ya yi koyi da shi. Ran nan har muka isa mararraba bai ce uffan ba.

Abin da takarda ta kasa, dutse ne ya yi shi. A wasan ƙarshe na wata kaka, ana dab da tashi, ya ba da fenareti. Daidai ne ko ba daidai ba, ban sani ba, ban je ba. Wani daga cikin 'yan kallo ya jefo rabin bulo ya same shi a muƙamuƙi. A asibiti aka ɗaure masa haƙora da waya, sama da ƙasa, aka ce zai yi wajen wata biyu ba magana, abinci ma sai mai ruwa-ruwa ta ɗan siririn bututu.

Manajan lokacin sabon zuwa ne, mai son lissafi. Ya tara mu ya ce ba za a rufe taga ba, kuma shi ba zai tilasta wa kowa ba. In ba mai riƙewa, zai rubuta hedkwata a sallami Rafali bisa rashin lafiya, a ɗauko sabon mutum. Saura masa 'yan shekaru ya cika na fansho, ga 'ya'ya biyar. Duk muka sunkuyar da kai, kowa na duban takalminsa.

Akwai wani dattijo a bene da muke kira Mai Hatimi, don aikinsa ke nan, buga hatimi a takardu. Yana da i'ina mai tsanani, shi ya sa yakan wuni bai furta kalma goma ba, kuma yana fama da hawan jini. Ba abokin Rafali ba ne. Gaisuwa ce kawai tsakaninsu. Shi ne ya ɗaga hannu. Ya daɗe yana kokawa da maganar kafin ta fito: "Zan riƙe masa."

Na sha leƙa shi daga matakala. Mutum zai gama ihunsa ya tsaya jiran amsa, amsar ta maƙale a maƙogwaron dattijo, jijiyar wuyansa ta tashi. Wasu su yi tsaki su tafi. Wasu su kwaikwaye shi a gabansa, layi ya yi dariya. Da labari ya bazu cewa zuwa taga ɓata lokaci ne, masu zuwa suka ragu. Manaja ya duba ya ga takardun ƙorafi sun ragu da rabi, ya yi murna ƙwarai.

Don haka ran da Rafali ya dawo, ya rame, magana na fita ta gefen baki, sai ya tarar da abin da ya yi shekaru yana nema. Ni na buga takardar. An mayar da shi sito. An tabbatar da Mai Hatimi a taga.

Kada wani ya ce bai ji daɗin siton ba. Ya ji. Ya share shi tas, ya jera bututu bisa kauri, ya kawo ɗan rediyo. Kumatunsa suka ciko. Matarsa ta ce mini yanzu yana barci ba ya mafarkin gardama. Gunagunin hanya bai ƙare ba, amma ya koma na ɓeraye da na direbobin da ke zuwa ɗaukar kaya ba takarda, kuma da dariya yake yinsa.

Sai dai daga sito zuwa ƙofar fita, dole ka bi ta gaban taga. Kullum da yamma muna wucewa mu ga Mai Hatimi yana haɗiyar ƙwaya ba ruwa. Idanunsa sun faɗa. Wata rana muka tarar wani matashi ya zira hannu ta sanduna ya cakumi wuyan rigarsa yana cewa, "Yi magana mana, tsoho! Ko sai gobe?" Rafali ya jingine keke, ya je ya ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya. Daga ranar ya koma fita ta ƙofar baya, inda motoci ke shiga, ko da yake zagaye ne.

A hanya kuwa maganar ta canza.

"Ni na ce ya zauna? Faɗa mini, Malam. Na roƙe shi? Bakina ma a ɗaure yake da waya!"

"Ba ka roƙe shi ba."

"To! Mutum ya ga rami ya faɗa da ƙafarsa, sai a ce ni? Na yi nawa zaman. Wani ma ya ɗanɗana." Ya tura keke kaɗan. "Ka ga yadda wuyansa ya koma?"

"Na gani."

"Maman yara ta ce in na kuskura na koma lungun nan, in nemi mai dafa mini. Kuma gaskiyarta." Ya buga sirdin keke da tafin hannu. "Wane irin mutum ne zai yi maka abu bai tambaye ka ba? Yanzu ko rediyon ba na jin daɗinsa."

Haka muka yi ta yi har damina ta wuce. Ban ba shi shawara ba, bai kuma nema ba.

Wata safiya ina kan keken rubutu sai ga shi ya hawo bene. Bai tsaya wurina ba, ya wuce ofishin manaja. Ƙofar ba ta rufuwa sosai, don haka na ji komai. Ya ce ƙurar sinadarin nan ta kama masa ƙirji, ba ya iya numfashi, likita ya ce ya nisanci sito. Ya yi tari har sau biyu, tarin da ko yaro ba zai yarda da shi ba. Ya ce in Mai Hatimi zai taimaka su yi musanya, zai gode. Manaja ya yi ɗan gunaguni a kan takardun da za su sake yawa, sannan ya ce su je su daidaita.

Da ya fito na bi shi da ido. Ya ce, "Malam, buga abin da aka ce ka buga."

Ya sauka ya sami Mai Hatimi ya maimaita masa zancen ƙirjin, har da roƙo. Dattijo ya tausaya masa, ya tattara ƙwayoyinsa ya ba shi kujera. Kafin azahar na ji muryar wata mata daga ƙasa tana cewa, "Au, kai ne ka dawo? To, bari in faro maka daga farko."

A wannan lungu ya ƙarasa aikinsa har ya yi ritaya. Bai sake kawo mini takardar neman sauyi ba. Matarsa ta yi sati ba ta yi masa magana ba, kuma shi ma wannan na sha labarinsa a hanya, dalla-dalla.

Mai Hatimi ya yi ƙiba a sito, ya kai fanshonsa lafiya. Ran da ake sallamarsa ya ja ni gefe, ya nuna Rafali da haɓa, ya ce a hankali, yana tsayawa yana ci gaba, bawan Allahn nan ba shi da sa'a, sau biyu ke nan shi Mai Hatimi yana ceto shi, kuma da za a sake, zai sake.

Na gaya wa Rafali a hanya. Na ce ko in faɗa wa dattijon gaskiya.

"Wace gaskiya?" ya ce. "Ƙirjina ne, ni na san abin da nake ji. Kai dai bari in ba ka labarin wani mai gidan burodi da ya zo yau."