Kwamfutar da ta kusa raba ni da 'yata

Assalamu alaikum. Lokacin da abin nan ya faru ni ƙaramin ma'aikaci ne a Dutse, sabon magidanci, muna haya a Takur ni da matata da 'yarmu wadda ko zama ba ta fara ba. Ba na zaman majalisa, ba na yawo, amma akwai abin da ya biyo ni tun daga makaranta, wato wasan ƙwallo na kwamfuta. Da girma ya zo, shiga gidan gem cikin yara ya zama abin kunya, sai na ƙudura sayen laftof tawa ta kaina.

Na je shagon wani mai sayar da na hannu. Mutumin nan bai ɓoye mini komai ba, wannan kam zan shaide shi. Ya ce wadda na ɗauka ta aikin ofis ce, ba a yi ta don gem ba, kuma batirin cikinta ba nata na asali ba ne. Ya nuna mini wata mai kauri mai fanka biyu, ya ce in ƙara haƙuri in tara in dawo. Ni kuwa faɗin fuskar waccan da araharta sun riga sun tafi da ni. Na ce masa ai duk kwamfuta kwamfuta ce.

Ba a daɗe ba ta fara nuna hali. In na kunna wasa sai fankarta ta yi ta ƙugi kamar injin markaɗe, ta yi zafin da ba na iya ɗora ta a cinya, don haka na koma ajiye ta a kan katifa. Daga baya na lura ƙasanta ya kumbura har ba ta zama daidai a kan tebur. Matata ta sha gaya mini tana jin ƙaurin roba in na daɗe ina wasa, ni kuma in ce mata hancinta ne kawai.

Wata Asabar bayan azahar, cikin zafin bazara, matata ta shiga maƙwabta suna, ta bar mini yarinyar tana barci. Aka kawo wuta, na jona caja na hau wasa a gefen gado. Can sai maƙwabcina ya yi sallama, wai motarsa ta ƙi tashi, in zo mu tura. Na bar wasan a kunne a kan katifa, na ja ƙofa don kada ƙuda ya dami yarinyar. Mota ta tashi a bakin layi, muka tsaya hira. Muna cikin dariya na ji wata dattijuwar gidanmu tana salati, tana cewa hayaƙi na fita ta tagarmu.

Har yau ban san yadda na isa ɗakin ba. Hayaƙi baƙi ƙirin, ba na ganin komai sai jan wuta a gefen katifa. Da lalube na kama ƙafar yarinyar na jawo ta. A tsakar gida na duba, wuta ba ta taɓa ta ba, amma ba ta kuka. Jikinta ya saki, leɓenta ya canja launi. Na jijjiga ta, na kira sunanta, shiru. Mutane suka cire fis ɗin lantarki suka yi ta watsa ƙasa a ɗakin, maƙwabcin nan ya tura ni cikin motarsa. Duk hanyar asibiti kunnena na kan ƙirjinta. Wani lokaci in ji kamar tana numfashi, wani lokaci in ce bugun zuciyata ne nake ji.

Aka karɓe ta aka sa mata robar iska, aka ce in jira a waje. Nan matata ta same ni, da kwalliyar suna a jikinta, ba takalmi. Ba ta yi ihu ba, ba ta zage ni ba. Ta dube ni ta ce, "Maigida, ai a hannunka na bar ta." Muka zauna a benci ɗaya, kowa na kallon ƙofa, duk wanda ya fito sai gabana ya faɗi. Ana kiran la'asar muka ji tari, sannan wani siririn kuka ya biyo baya. Likita ya ce hayaƙin soson katifa ta shaƙa, da an ƙara jinkiri kaɗan da wani zancen ake.

Daga baya wani mai gyara ya bayyana mini cewa kumburin nan alama ce ta batirin ya lalace, katifa kuma toshe mata hanyar iska take yi. Ashe duk gargaɗin da ake bukata ya zo mini, ni ne na ƙi ji. Ina roƙon matasa masu sha'awa irin tawa, ku tambayi abin da aka ƙera kwamfuta dominsa kafin ku tambayi kuɗinta. In ta kumbura ko ta fara ƙauri, ku kashe ta ku kai gyara, kada kuma ku bar ta a jone a kan shimfiɗa. Allah Ya dawo mini da 'yata, yanzu har ta shiga makaranta. Amma in ta yi shiru a ɗaki, ko wasanta take yi, ba na samun sukuni sai na leƙa na ga ƙirjinta yana motsi.