Dogo Mai Walda da Maganar Hannu

Duk layin masu gyara babu wanda bai san Dogo mai walda ba. Ƙofa, taga, ƙafar gadon da ta karye, kawo masa ka tafi harkarka. Hannunsa kaf tabon wuta ne, yatsun sun yi kauri kamar ba za su lanƙwasu ba. Ga surutu. Yana walda yana gardamar ƙwallo da mai facin da ke gefensa. Amma akwai mutum ɗaya da bai taɓa hira da ita ba a duniya: 'yarsa ta cikinsa.

Zazzaɓi ne ya tafi da jinta tun tana rarrafe. Uwarta ce ta dage ta koyi maganar hannu, tana bin ta makarantar kurame, tana zama a bayan aji da ƙananan yara ba kunya. Shi kuwa kullum "bari aiki ya lafa". Aiki bai lafa ba har yarinya ta zama budurwa. In ya yi abin dariya a gida, sai ya bi ta hannun uwar tukuna, kafin ya isa wurin 'yar ya riga ya huce.

Sai ciwo ya kwantar da matar. A asibiti aka sa mata roba a maƙogwaro, murya ta tafi, hannu kawai ya rage. Ranar ƙarshe ta ɗaga hannuwan nan da kyar ta yi ta magana, yarinyar na gyaɗa kai tana hawaye. Dogo na tsaye a bakin gado kamar maƙwabcin da ya zo dubiya. Kafin yamma matar ta cika.

Da 'yan gaisuwa suka watse, ya rubuta a wayarsa, "Me ta ce?" ya miƙa wa 'yarsa. Ta karanta, ta kife wayar a kan tebur. Ta nuna hannuwanta, ta nuna nasa. Daga ranar ko harafi ɗaya ba ta sake rubuta masa ba.

Ya fara da zafi, yadda duk muke farawa. Ya rufe shago, ya zauna kallon bidiyon maganar hannu a waya har idonsa ya yi ja, yana son haɗiye abin da matarsa ta yi shekaru tana tsinta. Da ya gwada a gaban yarinyar, komai ya cakuɗe masa. Ta dube shi, ta tashi ta shige ɗaki. Ya ce ya tsufa, ya watsar. Amma shirun gidan ya fi ƙarfinsa. Cokali kawai ke magana.

Wata safiya zai fita, ya ɗaga kofin da ke hannunsa ya nuna mata, ya ɗage gira. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta yi masa alamar kofi. Da wannan kalma ɗaya ya tafi shago. Ya sa wa kansa doka: duk lokacin da ya cire safar hannu, ba zai mayar ba sai ya maimaita kalmar ranar da ta jiya. Mai walda kuwa cire safa ba ya ƙirguwa, shan ruwa, ɗaukar waya, auna ƙarfe.

"Dogo, sauro kake kora ko aljanu?" in ji mai faci.

"Zaginka nake yi. Ka ga wannan? Kai ne."

"Ƙarya kake, mutumina. Jiya ka ce min wannan kujera ce."

"To ai da kai da kujera, wa ya fi zama?"

Haka aka tafi. Ranar da ya tashi da zazzaɓi ya yi. Ranar da wuta ta ƙona masa yatsa ya yi da bandeji. Akwai ranakun da kalmar ta ɓace masa tun a hanya, ya dawo gida ya sake roƙa, ta harare shi ta ba shi. Daga kofi aka kai ga "na gaji", daga nan aka kai ga "gishiri ya yi yawa, Baba". Ranar da ta fara yi masa dariya kai tsaye, ba ta hannun kowa ba, banɗaki ya shiga ya wanke fuska.

Sai da riga ta yi mata kaɗan aka sake wata, sannan ya ga zai iya. Bayan cin abinci ya goge hannu ya tambaye ta abin da uwarta ta ce a asibiti, a hankali, yatsa bayan yatsa.

Ta amsa, kuma ya gane duka: "Mama ta ce, kada ki rubuta masa komai. In kika rubuta, har ya mutu ba zai koya ba."

Ya yi dariya da hawaye. Matarsa ke nan. Sannan ya tambaya, "Ni fa? Ba ta bar min komai ba?"

Hannuwan yarinyar suka tsaya a iska.

"Ta yi maka magana, Baba. Bayan nas ta fitar da ni. Ta ƙofa na hango ta juyo wurinka, hannunta na motsi. Ban ga abin da ta ce ba."

Ya tuna. Wallahi ya tuna. Ya ɗauka zafin ciwo ne ke sa ta fizge-fizge, sai ya kama hannuwan ya riƙe, yana cewa sannu, sannu.

Ya rufe ido, ya gwada kwaikwayon abin da ya gani kafin ya riƙe su. Ya sake. Ya sake. Yarinyar na kallo, tana girgiza kai. Babu kalma a ciki.

Washegari ya tsaya a ƙofa da jakar aikinsa, ya ɗage mata gira. Ta ba shi kalmar ranar.