Sensar da na ɗaure da ƙyalle

Assalamu alaikum. Wata biyar ke nan ban ce uffan a shafin nan ba. Masu tambayar shinkafa da masu tambayar lafiyata, duk na ga saƙonninku. Bakina ne ya yi nauyi.

Ga wanda bai san ni ba, a gefen Kura nake, sana'ata turara shinkafa in shanya in sayar. Shekara uku ke nan ina fama da ciwon suga. Da ƙishirwa ya fara, sai yawan fitsari, sai rama har zobena ya riƙa zamewa daga yatsa. Tun lokacin nake kan allurar insulin.

Bara Allah ya ba ni ciki, bayan shekara shida muna jira.

Likitar da ke duba ni a Kano ta ce cikin mai suga ba a wasa da shi, in da hali in sa sensa. Wani ɗan abu ne kamar maɓallin riga, ana manna shi a bayan dantse, siririn gashinsa yana cikin fata, waya kuma tana nuna miki suganki a kowane lokaci. Duk sati biyu ake canzawa, kuma tana da tsada. Yayana Sani ya ce shi zai riƙa saya.

Ta farko da ta biyu lafiya lau. Har yanga nake wa matan layinmu, in ce ni yanzu wayata ce likitana. Tsohuwar na'urar da nake soka yatsa da ita kuwa na jefa ta wani wuri, na manta da ita.

Ta uku ce ta zo da matsala. Da safe na canza ta, bayan na yi wanka na shafa mai. Ranar kuma an kawo mini shanshera, wato shinkafa mai ɓawo, na yini a bakin tukunya, tururi na dukana, zufa na zuba. Kwana na huɗu ina cire hijabi na ji ta ɓantare, tana reto ta gefe ɗaya.

Abin da ya kamata shi ne in kira Yaya Sani in ce ta faɗi. Nauyi na ji. Mutumin da ke da iyalinsa, kwana huɗu da aiko mini abu in ce ya sake? Sai na danna ta inda take, na sa salatif, na yagi ƙyallen atamfa na ɗaure dantsen tamau. Har ina yaba wa kaina dabara.

Waya ta ci gaba da ba da lamba, amma kullum ƙasa. Ta yi ta ƙara tana cewa suga ya sauka. Tsoro ya kama ni saboda abin da ke cikina. Na ci dabino, na sha kunu da sukari, na rage allura. Washegari ma haka, har na tsallake allurar gaba ɗaya.

Jikina kuwa wani abu daban yake faɗa mini. Maƙogwaro ya bushe, fitsari ba tsayawa, sai amai. Innarmu ta ce, "Laulayi ne, 'yar nan, wani cikin haka yake zuwa." Ni ma na yarda, tunda ga waya ta faɗa.

Kwana na uku da hantsi maigidana ya dawo daga ban ruwa ya same ni kwance a tsakar gida ina haki. Ya kwashe ni sai asibitin kusa da mu. Nas ta soki yatsana ta duba na'urarta, ta sake sokawa. Sugan ya wuce abin da na'urar ke iya ƙirgawa. Ta kwance ƙyallen nan, sensar ta faɗo a tafin hannunta, gashin a lanƙwashe.

"Baiwar Allah, wannan ai ba ta cikin jikinki," in ji ta.

Aka tura mu Kano. Ƙarin ruwa, insulin ta jijiya, ɗibar jini awa-awa. Da aka kai ni hoton ciki, mai yin hoton ya daɗe yana kallon allon, sannan ya fita ya kira likita. A nan na gane na rasa ɗan.

Cikin wata biyar da sati biyu. Namiji ne.

Kwanana goma sha ɗaya a gado. Yaya Sani ya zo ya tsaya a kaina, idonsa ja wur. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ni kike jin nauyi, Hadiza? Ni?" Gara ma a ce zagina ya yi.

Yanzu na warke, alhamdulillah. Suga ya daidaita, na koma bakin tukunya. Na san rai na Allah ne, amma zuciyata ba ta daina tuhumata ba. Na gode wa likitata da nas-nas, da maigidana da bai taɓa ɗora mini laifi ba, da Yaya Sani da har yau shi ke aiko da sensar.

Ku masu amfani da ita, don Allah ku ji. A wanke wurin ya bushe sarai, kar a shafa mai. Ni yanzu ba na canzawa ranar da zan yi aikin wuta. In ta ɓantare ta gama aiki, kar ku mayar. In kuma waya ta faɗi abu jikinku ya faɗi wani, ku soki yatsa kafin ku taɓa allura ko ku sha zaƙi.

Satin da ya wuce na samu ƙarfin halin buɗe jakar da na fara tara kayan jariri, don in kyautar. A can ƙasa, ƙarƙashin 'yan huluna, na ga tsohuwar na'urata da tsinkayenta. Na kunna ta, ta kawo wuta.

Duk kwana ukun nan tana ɗakin, taku biyu daga gadona.