Yadda Na Jinginar da Gidan Ubanmu

Ni mahauci ne ɗan mahauci, daga Ƙofar Kware. Boko ban yi nisa ba. Kafin in lalace tsire nake yi bakin titi, ina ciyar da iyalina, ba mai bina ko sisi.

Da Baba ya rasu, munka yarda ba za a raba gidan gado ba muddin Inna na da rai. Ni ne babba, sai anka ba ni takardar gida in ajiye.

Wani dillali mai sayen tsire wurina shi ya zuga ni. Ya ce akwai gida mai ɗakuna da yawa na sayarwa a Kwalkwalawa kusa da jami'a, ɗalibai na rububin haya. "Kai da ke da takarda hannu kana shan hayaƙi? Kai ta banki jingina, haya ta biya bashin, wa za ya sani?"

Banki sunka ce sai duk magada sun sa hannu. Na ɗauko wasu 'yan zaman banza biyu da wata mata, na ce ƙannena ne. Sunka sa hannu, na sallame su. Banki sunka ba ni bashi, na sayi gidan hayar.

Shekarar farko haya ta shigo, har na ɗinka babbar riga. Sai jami'a ta shiga yajin aiki, ɗalibai sunka watse, kuɗin ruwa kuwa bai tsaya ba. Da anka dawo, na riƙa karɓar hayar ɗaki ɗaya hannun mutum uku. Su sunka kai ni kotu, can asirin jinginar ya tonu.

Ina kurkuku ƙanwata ta zo, ko gaisuwa babu. "Yaya, banki sun yi gwanjon gidan Baba. Inna na ɗakin haya Arkilla. Kullum sai ta tambaya ko kana samun abinci."

Gara da zagina ta yi.

Na fito yanzu, dakon nama nake yi a kwata. Dillalin yana nan cikin motarsa, ko kallona bai yi. Na tuba ga Allah. Inna ta yafe mini, ƙannena ba su yafe ba, kuma suna da gaskiya. Amma na rantse Inna ba za ta mutu gidan haya ba. Na fara biyan ɗan fili bayan Arkilla, ina tara bulo kaɗan-kaɗan da gumina.

Samari, ku ji ni. In an ba ka takardar gidan gado ajiya, ka ajiye. Ɗakin da tsohuwarka ke kwana ba jari ba ne. Duk wanda ya ce ka kai shi banki, ka ce masa ya fara kai na ubansa.