Tafin Ƙafar Bualai

Bualai dai tun tana yarinya ba ta san takalmi ba. Cikin taɓon gonar shinkafa ta girma, har yatsun ƙafarta suka baje kamar saiwar citta. Ita ce mai saurin dashe a ƙauyenmu. Kuma duk safiya, in malaman ibada masu rawayan mayafi sun fito da akusansu, ita ce ta farkon durƙusawa da kwandon shinkafa mai danƙo.

To, shekarar da ruwa ya zo da wuri, ɓaunar nomansu ta taka mata ƙafar hagu. Saura kwana huɗu dashe. Ƙafa ta kumbura kamar kabewa. Mijinta Tongsuk ya ɗora ta a amalanke sai asibitin gunduma. Likita ya latsa, ya ce sai an yi hoto, in targaɗe ne ta koma gona, in karaya ce a ɗaure.

Da ta ji hoto sai ta gyara gashi, ta goge bakinta da ganyen taunawa ya rina kamar na mai cin goro.

Mai ɗaukar hoton kuwa ashe Kamfong ne, wanda ya yi shekara bakwai da rawayan mayafi a ƙauyenmu kafin ya ajiye ya tafi karatu.

"Inna Bualai, hau gado. Ba fuska ba ce, ƙafa ce, daina murmushin."

Ya ce ta lanƙwasa gwiwa, ta kife tafin a kan wani faranti baƙi. Wannan ya tafi daidai. Ya ce ta ɗan karkata ƙafar ciki. Shi ma lafiya. Sai ya ce ta kwanta a gefe, ƙaramin yatsa ƙasa, babba sama. Ya daidaita ta, ya ce kar ta motsa, ya shige bayan wani bango mai 'yar taga.

Tana ɗaga ido ta ga fuskarsa a tagar, tafin ƙafarta kuma yana kallonsa ƙiri-ƙiri. Mutumin da ta yi shekaru tana durƙusa masa. A wajenmu kuwa babu raini kamar nuna wa mutum tafin ƙafa, balle malami. Ta janye ƙafa.

Hoto ya fito kamar hayaƙi.

"Ciwo yake yi, Inna?"

"A'a."

"To me ya sa kika motsa?"

"Injin naku ne dai, ina jin ya tsufa."

Ya tokare ƙafar da jakar yashi, ya koma. Ta ture jakar, hoto ya sake lalacewa. Shi yana duba waya da maɓalli, ita tana ta ba shi haƙuri, bai san na mene ne ba. Ita kuma ta rasa dalilin da mutum mai ilimi zai je ya tsaya daidai wurin da bai kamata ba, sau biyu.

Ya ce, "Inna, faranti ɗaya ya rage. In ya lalace sai babban birni, kwana biyu zuwa da dawowa."

Ta tuna irin shinkafarta yana tsufa a fage. Murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Ni ba zan nuna wa malami tafin ƙafa ba."

Ya waiga yana neman malamin.

"Kai nake nufi."

"Ni? Shekara goma sha biyar da ajiye mayafi. 'Ya'yana uku, har bashin barci suke bi na."

"Ka ajiye mayafi, ka amayar da shinkafar da na zuba maka?"

Ya sosa ƙeya. Sai ya juya ta, kai ya koma wajen taga, ƙafa ta fuskanci ƙofa. Ta leƙa, ga Tongsuk a kan benci yana gyangyaɗi.

"Wancan fa, Inna?"

"Wancan ya saba. Ɗauka."

Hoto ya fito tas. Kamfong ya ɗaga shi a haske, ya nuna mata dogon ƙashin da ke bayan ƙaramin yatsa, ga tsaga kamar gashi. Ya ce ƙashi ashirin da shida ne a ƙafa ɗaya. Ta ce ai ita yatsu biyar ta sani, sauran ko na wanda ya riga ta hawa gadon ne.

Aka ɗaure ƙafar sati shida. Mu muka yi mata dashen, tana zaune a kan kunyar gona tana cewa layinmu ya karkace, ƙafar nan a naɗe cikin zane, an juya ta wajen daji.